Yoyon fitsari bayan tiyata: yadda ake gano inda ya huje da yadda ake ɗinke shi

"Assalamu alaikum Likita. Yayata ce aka cire wa mahaifa saboda ƙari, yau sati biyar ke nan. An sallamo ta lafiya ƙalau, sai a rana ta tara ta wayi gari shimfiɗarta a jiƙe. Tun daga ranar ruwa bai daina zubo mata ta gaba ba, dare da rana, kuma zarnin fitsari yake yi. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne har yanzu tana jin fitsari, ta shiga banɗaki ta yi kamar kowa. Mun koma asibiti aka ce yoyon fitsari ne, mu dawo bayan wata uku a yi mata aiki. Likita, ashe wadda ba naƙuda ta yi ba ita ma tana samun wannan ciwon? Yaya ake gane inda ya huje? Me ya sa sai an jira wata uku, kuma in an yi aikin ana warkewa? Yanzu ko ruwa ba ta son sha."

Wa alaikumus salam Malama. Ya mai jiki? Allah ya ba ta lafiya, ya saka miki da alheri bisa ɗawainiyar da kike yi da ita.

In na fahimce ki, abu huɗu kike son sani: ko tiyata na iya jawo yoyon fitsari, yadda ake gano gurbinsa, dalilin jira, da kuma abin da za ku sa rai da shi bayan ɗinki. Zan bi su duka, amma akwai magana ɗaya a cikin wasiƙarki da ta fi sauran tsaya mini a rai, wato cewa tana yoyo kuma tana yin fitsari da kanta. Wannan alama ce da ba a wuce ta. Wata ukun da aka ce ku jira, jiran wuƙa ne kawai. Bincike ba ya jira, musamman binciken ƙoda, kuma zan gaya miki dalili.

Hanyar fitsari da inda take hujewa

Ƙoda biyu ke tace fitsari. Daga kowace ƙoda akwai siririn bututu mai tsawon santimita 25 zuwa 30 da ke gangarowa ya shiga mafitsara ta baya. Zan riƙa kiransa bututun ƙoda. Mafitsara ta tara fitsarin, sannan ya fita ta wani gajeren bututu, santimita 3 zuwa 4 ne kacal a jikin mace, wanda tsokar da ke riƙe fitsari ke kewaye da shi. Wannan kuma bututun fita. Mafitsara da bututun fita a kwance suke a kan bangon farji na gaba, abin da ya raba su bai wuce kaurin 'yan milimita ba. Shi kuma bututun ƙoda, kafin ya isa mafitsara sai ya gifta ta gefen bakin mahaifa, tazarar ba ta kai santimita 2 ba, a daidai ƙarƙashin jijiyar jinin da dole likita ya ɗaure in zai cire mahaifa. Duk ɗaya daga cikin ukun nan, mafitsara ko bututun fita ko bututun ƙoda, yana iya hujewa ya buɗe cikin farji. A waje duk kamanninsu ɗaya, mace ce a jiƙe. A ɗakin tiyata kuwa aiki uku ne daban-daban.

Gaskiya ne a duniya baki ɗaya doguwar naƙuda ce kan gaba wajen haddasa ciwon. Kan jariri ya kafe a ƙugu kwana biyu ko uku, ya matse naman farji da mafitsara a jikin ƙashi, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu. Bayan kwana 3 zuwa 10 mataccen naman ya saɓule ya faɗi, ya bar rami, wani lokaci ramin da yatsu uku za su shige. Amma a wuraren da mata ke samun tiyatar haihuwa a kan kari, yawancin masu yoyon da ake gani daga tiyata suka same shi, kuma cire mahaifa ne ya fi kawo shi, sai tiyatar ciro jariri. Akwai kuma wanda ciwon dajin bakin mahaifa ke jawowa, da wanda gashin da ake yi wa mai ciwon daji ke jawowa bayan watanni ko ma shekaru, da na rauni ko yanka.

Yadda na tiyata ke faruwa kuwa, dole ne a ɓanɓare mafitsara daga jikin mahaifa kafin a cire ta. In ƙarin babba ne ya ture kayan ciki daga mazauninsu, ko akwai tabon tsohuwar tiyata, wuraren sukan manne da juna. Idan an yanki mafitsara ba a lura ba, yoyon kan fara a ranar ko washegari. Idan kuma zare ne ya kama gefenta, ko zafin na'urar tsayar da jini ya taɓa ta, ko jinin wurin ya ragu, naman a hankali yake mutuwa, sai a ga yoyo tsakanin kwana 7 zuwa 14. Rana ta tara ɗin da kika ambata ta dace da wannan sosai. Abu ne da ba ya yawan faruwa, amma yana faruwa har a hannun ƙwararru, don haka kada faruwarsa kaɗai ta sa ku yanke hukunci a kan wanda ya yi aikin.

Gano inda ramin yake

Rabin binciken a baki ake yinsa. Nakan fara da tambayar mace ko tana jiƙewa in ta kwanta barci. Mai raunin tsokar riƙe fitsari sai ta yi tari ko dariya ko ta ɗauki kaya yake zubo mata, da daddare kuma a bushe take kwana. Mai rami ba ruwan yoyonta da tari, a tsaye yana zuba, a kwance yana zuba. Tambaya ta biyu ita ce wadda kika riga kika amsa: tana jin fitsari ya taru, ta je ta yi? Mai babban rami a mafitsara ba ta ji, domin babu abin da ke taruwa. Wadda take yoyo kuma take yin fitsari yadda ta saba, ɗayan biyu ne. Ko dai ramin mafitsarar ɗan mitsitsi ne, yana ɗiga amma mafi yawan fitsarin na taruwa, ko kuma mafitsarar lafiyarta ƙalau, bututun ƙoda ɗaya ne ya sami rauni. A irin wannan, ƙoda ɗaya na zuba nata fitsarin a mafitsara, ɗayar kuma tana zubar da nata kai tsaye ta farji.

Abin da ya sa na damu da na biyun shi ne bututun ƙoda da ya ji rauni yakan tsuke a wurin raunin. Fitsari ya riƙa komawa baya, ƙodar ta kumbura, ta yi ta lalacewa a ɓoye. Wata mace za ta ji ciwo a kwiɓi ko ta yi zazzaɓi, wata kuwa ba za ta ji komai ba. Na sha ganin waɗanda suka zo suna murna cewa yoyon ya tsaya da kansa bayan wasu watanni, sai hoto ya nuna ba warkewa ba ce, bututun ne ya toshe gaba ɗaya ƙodar ta daina aiki. Kuma ko an tabbatar akwai rami a mafitsara, ba a gama ba, domin cikin matan da suka samu ramin mafitsara ta dalilin tiyata, kusan 1 cikin 10 na da raunin bututun ƙoda a tare. Ku tambayi ma'aikatan tambaya ɗaya kai tsaye: an duba ƙodojinta?

Bayan tambayoyi sai dubawa. Mace ta kwanta, a sa ƙarfen duba gaba a janye bangon baya, a haska fitila mai ƙarfi. Ramin da naƙuda ta bari yawanci yatsa ma na jinsa. Na bayan cire mahaifa kuwa can ƙurya yake, a layin ɗinkin da aka rufe saman farji da shi, sau da yawa bai wuce kan ashana ba, ya ɓuya a cikin ninkin nama, wani lokaci ɗan jan tsiro ne kawai ke nuna wurin. Wannan ƙarfen mai lanƙwasa da muke amfani da shi sunan James Marion Sims yake ɗauke da shi, likitan Amurka da ya wallafa hanyarsa ta ɗinke yoyon fitsari da zaren azurfa a 1852. Ya gwada hanyar ce a jihar Alabama a jikin mata bayi, ba tare da maganin kashe zafi ba. Sunayen uku daga cikinsu sun iso gare mu, Anarcha da Betsey da Lucy, kuma Anarcha kaɗai an yi mata aiki kusan sau 30. Duk mai wannan sana'a ya kamata ya san a jikin wa aka koye ta.

Gwajin da ya fi kowanne amfani kuma ya fi sauƙi shi ne na shuɗin ruwa. A sa robar fitsari, a ɗura ruwa mai tsabta da aka rina da maganin metilin bulu cikin mafitsara, a danne bakin bututun fita da auduga don kada ya biyo gefen roba ya ruɗa mai dubawa, sannan a zuba ido. In akwai rami za a ga shuɗin ya ɓullo, wani lokaci tsartuwa, wani lokaci ɗigo ɗaya da ke taruwa a hankali. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ɗura ruwa kaɗan. Ƙaramin rami ba ya buɗewa sai mafitsara ta miƙe, don haka ni nakan kai mililita 200 zuwa 300 kafin in yarda cewa babu. In ido bai gani ba, sai a jera dunƙulen auduga uku a cikin farji, ɗaya a ƙurya, ɗaya a tsakiya, ɗaya a bakin ƙofa, a ce ta tashi ta zagaya na kamar minti 20 zuwa 30, a ciro su ɗaya bayan ɗaya. Na ƙurya ko na tsakiya ya yi shuɗi, ramin a mafitsara yake. Na bakin ƙofa kaɗai ya yi shuɗi, matsalar a bututun fita take ko a tsokar riƙewa. In kuma na ƙurya ya fito sharkaf da ruwa garau, babu ko ɗigon shuɗi, to fitsarin bai bi ta mafitsara ba, daga bututun ƙoda yake. Wasu kan ƙara da ƙwayar fenazofiridin, wadda ke mayar da fitsarin da ke saukowa daga ƙoda ruwan lemo, a ga launi biyu a rarrabe. In ma ana shakkar ko ruwan fitsari ne, sai a auna kiriyatinin da ke cikinsa, wani sinadari da ƙoda ke tacewa daga jini ta zubar a fitsari. Na fitsari ya ninka na jini sau da yawa.

Daga nan sai hotuna. Hoton ciki na yau da kullum yana nuna ko ƙoda ta kumbura, kuma a ganina kowace mace mai yoyo bayan tiyata ta cancanci a yi mata shi a satin farko. Hoton CT da ake yi bayan an ɗura magani ta jijiya shi ke bin hanyar fitsarin tun daga ƙoda, ya nuna daidai inda ya kauce. Sai kuma leƙa mafitsara da siririyar na'ura mai kyamara, don a ga nisan ramin daga bakunan bututun ƙoda biyu, a ga ko rami ɗaya ne ko fiye, ko akwai tsakuwa, ko wani zare ya ratso ciki. Macen da ta taɓa yin ciwon daji, sai an yanki ɗan naman gefen ramin an kai ɗakin gwaji kafin a yi maganar ɗinki.

Likitocin wannan fanni na da tsare-tsaren rarraba ramuka, fitattu su ne na Kees Waaldijk, likita ɗan ƙasar Holan, da na Judith Goh ta Ostireliya wanda ya fito a 2004. Na Goh abu uku yake aunawa: nisan ramin daga ƙofar fitsari, faɗinsa, da yawan tabon da ke kewaye da shi. Ramin da ya yi nisan fiye da santimita 3.5 daga ƙofa shi ne rukuni na 1, wanda bai kai 1.5 ba shi ne na 4. Amfanin wannan ga mara lafiya shi ne yana hasashen sakamako: duk yadda rami ya matso kusa da ƙofa, ya ci bututun fita, haka yiwuwar mace ta ci gaba da ɗiga ko bayan an rufe shi ke ƙaruwa. Irin na yayarki, in a mafitsara ne, yana can nesa da tsokar riƙewa, kuma wannan albishir ne.

Wata ukun nan

Dalilin jira ba ɓoyayye ba ne. A makonnin farko gefen ramin a kumbure yake, akwai ƙwayoyin cuta, akwai naman da bai gama mutuwa ba kuma bai gama rayuwa ba. Ruɓaɓɓen yadi ba ya riƙe zare komai gwanintar tela. In aka ɗinka a haka zaren zai yanke naman, ramin ya dawo ya fi na da girma, ga sabon tabo. Kuma aikin farko shi ne ya fi kowanne damar nasara. Kowane aiki da ya warware yana rage nama mai kyau, yana ƙara tauri a wurin.

Sai dai wata uku ba doka ba ce, al'adar aiki ce. In an gano raunin cikin kwana biyu ko uku da tiyata, gara a koma a gyara nan take kafin kumburi ya zauna. In an wuce wannan, ni na fi son a riƙa duba wurin duk bayan sati biyu, ranar da na ga naman ya yi laushi, ya yi ja mai kyau, babu ruɓa, ranar ya isa ɗinki, ko sati shida ne ko goma. Wanda gashin ciwon daji ya haddasa ne kawai ake ja wa dogon lokaci, wata 6 zuwa 12, domin naman yana ci gaba da lalacewa bayan an gama gashin.

Lokacin jiran ma ba na naɗe hannu ba ne. Sabon rami ƙarami a mafitsara yana iya rufewa da kansa in aka sa robar fitsari aka bar ta a buɗe sati 4 zuwa 6, saboda mafitsarar da ba ta cika ba gefunan raminta na haɗuwa. Waaldijk ya ba da rahoto a 2004 a kan mata fiye da 1,700 masu sabon yoyon naƙuda, kuma kimanin kashi 15 cikin 100 sun warke da roba kaɗai. Alamar da nake dubawa mai sauƙi ce: in aka sa roba yoyon ya ragu ƙwarai ko ya tsaya, akwai fata, a ci gaba. In jakar da ke haɗe da robar ba ta tara komai, duk ta ƙasa yake bi, robar wahala ce kawai, a cire. A sati biyar an ɗan makara, domin gefen rami ya fara yin fata, amma in ƙarami ne ba a yi asarar gwadawa ba. In kuwa bututun ƙoda ne, ana ƙoƙarin zura wata siririyar roba ta cikin mafitsara ta haura bututun ta wuce wurin raunin, a bar ta kamar sati 6. Da yawa suna warkewa a haka ba tare da an buɗe ciki ba, amma damar shigar robar na raguwa da kowane sati da ya wuce. In ta ƙi shiga kuma ƙodar a kumbure take, sai a huda ta baya a sa roba cikin ƙodar don ta huta, ko a yi aikin ba tare da ɓata lokaci ba.

Maganar ƙin shan ruwa, ku lallashe ta ta daina. Kusan kowace mai yoyo na yin haka, kuma dalilinta a fili yake. Amma ƙarancin ruwa na sa fitsari ya yi kauri, zarninsa ya ƙaru, ya ci fatar cinyoyi da gaba har ta saluɓe, ya kawo cutar mafitsara da tsakuwa. Fitsarin wadda ke shan lita 3 ko fiye a rana kusan fari yake, warinsa kaɗan ne. Ta riƙa wanke wurin da ruwa zalla, ta shafa man da ke hana ruwa taɓa fata, irin mai sinadarin zinki, ta riƙa canja ƙunzugu a kai a kai. A kuma duba ko tana da ƙarancin jini ko ciwon suga, domin duka biyun na hana rauni haɗewa.

Aikin kansa

Yawancin ramuka ta farji ake gyara su, da allurar baya mai kashe rabin jiki, mace na kwance an ɗaga ƙafafunta, an ɗan sunkuyar da gadon ta wajen kai. Ta wannan hanya jini kaɗan ke zuba, ciwon bayan aiki da sauƙi, washegari tana takawa. Abu na farko shi ne likita ya ga wurin sosai. In tabo ya tsuke farji sai an saki tabon tukuna. Na biyu, ya san inda bakunan bututun ƙoda suke. In suna kusa da gefen ramin, sai a zura musu ƙananan robobi don kada allura ta kama su. Sannan a yanka fatar farji a kewayen ramin, a shiga tsakaninta da mafitsara da almakashi a hankali, ana raba su, har sai mafitsarar ta saki, gefunan ramin sun zo sun haɗu da kansu ba tare da an ja su ba.

A nan ne aikin yake cin nasara ko ya faɗi. Ɗinkin bai fi mintuna ba, sakin naman shi ke cin lokaci. In na kama gefe biyu da ƙarfe na ji suna ja da baya, ban gama ba, ko da kuwa zan iya tilasta su da zare. Idan sun kwanta da juna, sai a ɗinke mafitsara da zare mai narkewa, ɗaya bayan ɗaya, ana fara ƙarfafa kusurwoyi biyu domin nan ne yoyo ya fi dawowa. Wasu layi ɗaya suke yi, wasu biyu. Kyawun naman da rashin ja sun fi yawan layin muhimmanci. Kafin a rufe fatar farji sai a sake ɗura shuɗin ruwa, a goge wurin da farar auduga, a duba. Ɗigo ɗaya ya isa a ƙara zare. Daga nan a rufe farji yadda ɗinkinsa ba zai hau kan na mafitsara ba in da hali, a cusa bandeji na kwana ɗaya.

Ga ƙaramin ramin ƙurya na bayan cire mahaifa, akwai hanyar da Wilhelm Latzko ya bayyana a 1942: a feƙe fatar farjin da ke kewaye da ramin kamar santimita 1 zuwa 2, a ninka naman a rufe hawa-hawa ba tare da an yanki mafitsarar ba. Sauƙi gare ta, ba ta kusantar bututun ƙoda, kuma abin da take rage wa zurfin farji kaɗan ne.

Ana bi ta ciki ne in ramin ya yi sama da hannu ba zai kai ba, ko yana haɗe da mahaifa, ko kuma akwai bututun ƙoda da za a gyara. A nan akan tsaga mafitsara daga sama har zuwa ramin, a raba ta da farji, a ɗinke kowanne daban, a jawo kitsen da ke lulluɓe da hanji a shimfiɗa a tsakani. Yanzu ana yin wannan ta ƙananan huji da kyamara a inda akwai kayan aiki da gwaninta. Shi bututun ƙoda ba a cika ɗinke raminsa ba. Ana yanke shi a saman raunin ne, a dasa lafiyayyen bakin a sabon wuri a jikin mafitsara, in bai kai ba a jawo mafitsarar sama ta tarye shi. Ta farji ma ana iya sa nama a tsakani, kitsen leɓen farji da ake jawowa da jijiyar jininsa, hanyar Heinrich Martius ta 1928. A da kusan kowa ake yi wa, yanzu da yawanmu mun bar shi ga wanda gashi ya ƙona, ko wanda aka ɗinka ya warware, ko naman da ya yi siriri ƙwarai.

Mafi wuya shi ne na naƙuda da ya cinye wuyan mafitsara zagaye, ya raba ta da bututun fita kwata-kwata, ya manne ragowar a jikin ƙashi. Sai an ɓanɓaro mafitsara ta gaba da ta gefe an sake haɗa ta da ɗan guntun bututun da ya rage. Irin wannan ba aikin mai yi jefi-jefi ba ne. Asibitin da Reginald da Catherine Hamlin suka buɗe a Addis Ababa a 1974 don wannan ciwo kaɗai ya nuna wa duniya abin da maimaita aiki ɗaya a hannu ɗaya ke haifarwa. Ba rashin kunya ba ne ku tambayi likita, cikin ladabi, ko aiki ne da ya saba yi, kuma likitan kirki in ya ga ya fi ƙarfinsa zai tura ku gaba.

Bayan an ɗinke

Ɗinkin da ya yi kyau a ɗakin tiyata yana iya lalacewa a kan gado cikin dare ɗaya, in roba ta toshe ko ta lanƙwashe a ƙarƙashin cinya, mafitsara ta cika ta fasa zaren. Mai jinya, wato ke, aikinki shi ne ki riƙa kallon robar: tana ɗiga, jakar na ƙasa da gado, fitsarin ya yi fari, shimfiɗa a bushe. In awa ɗaya ta wuce ba ɗigo, ko ta ce mararta ta cika, a kira ma'aikaciya nan take, ba sai gari ya waye ba. A da sati biyu ake barin roba ga kowa. Wani bincike da aka yi a ƙasashen Afirka 8, aka wallafa a mujallar Lancet a 2015, ya nuna kwana 7 bai gaza kwana 14 ba a ramuka masu sauƙi, kuma a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kwana 7 zuwa 10 ga masu sauƙin yoyon naƙuda. Masu wuya har yanzu sati biyu ne ko uku. Kafin a cire akan sake gwajin shuɗi. In an ga ɗan yoyo, ƙarin sati ɗaya ko biyu da roba yakan rufe shi.

Ko ana warkewa? Ƙwarai kuwa. A hannun wanda ya iya, kashi 80 zuwa 95 cikin 100 na ramuka suna rufewa a aikin farko, kuma na bayan cire mahaifa suna can saman wannan lissafi. Amma rufe rami daban, bushewa daban. A cikin masu yoyon naƙuda akwai kaso mai yawa da ramin ya rufe sarai amma suna ci gaba da ɗiga ta ƙofar fitsari, saboda tsokar riƙewa ta lalace ko mafitsarar ta ƙanƙance. Wasu atisayen matse tsokar ƙugu da magani ke taimaka musu, wasu sai an ƙara aiki an yi wa bututun fita tallafi da jijiyar jikinsu. Akwai kuma 'yan kaɗan da mafitsarar ta ƙare, babu abin ɗinkawa. Su sai dai a karkatar da fitsarin ta hanji ko ta jaka a jikin ciki, shawara ce mai nauyi da ba a yanke ta a zama ɗaya. Ban duba yayarki ba, don haka ba zan iya ce miki ga rukunin da take ba, amma babu abin da kika faɗa da ke nuna tana cikin waɗannan na ƙarshe.

In an sallame ta, babu kwanciyar aure har wata 3, kuma maigidanta ya ji wannan daga bakin likita, kada a bar mata ita kaɗai ta isar da saƙon. Kada ta ɗauki kaya mai nauyi, kada ta bari bayan gida ya yi mata tauri, kada ta riƙe fitsari ya daɗe. A makonnin farko ta riƙa zuwa banɗaki duk bayan awa biyu ko uku ko ba ta ji ba. In an dasa bututun ƙoda, siririyar robar da aka bari a ciki sai an koma an cire ta a ranar da aka sa, domin wadda aka manta da ita tsakuwa take tarawa, sannan a sake hoton ƙoda bayan 'yan watanni. Ga sauran masu karatu da har yanzu suke da mahaifa, a jinkirta ɗaukar ciki aƙalla shekara guda bayan ɗinki, kuma duk haihuwar da za ta biyo baya a yi ta da tiyata da aka tsara ranarta kafin naƙuda ta fara.